An ce ba serotonin ba ne, in ajiye maganin?

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan ina shan sertraline miligiram 50 saboda ciwon damuwa, kuma na samu sauƙi. Sai ga wani bidiyo yana cewa bincike ya ƙaryata batun cewa ƙarancin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa ke jawo ciwon, wai maganin yaudara ce. Hankalina ya tashi. In daina sha?

Amsa: Malama, kada ki daina. Binciken da ake yawo da shi na Joanna Moncrieff ne da abokan aikinta a Landan, shekarar 2022. Sun nuna babu hujja mai ƙarfi cewa ƙarancin serotonin ke jawo ciwon. Ba su gwada ko maganin yana aiki ba. Wannan an duba shi a 2018, da aka tattara gwaje-gwaje 522 kan magunguna 21, kowane magani a cikinsu ya fi ƙwayar da ba komai a cikinta, ko da yake tazarar ba ta kai yadda ake kururutawa ba.

Masana sun daɗe da sanin labarin ya wuce sinadari guda. Maganin yana ɗaga serotonin cikin sa'o'i, amma sauƙi sai bayan mako biyu zuwa shida. Shi ya sa bincike ya karkata ga yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke sake ƙulla alaƙa, da ɓarnar da cortisol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, ke yi idan matsin rayuwa ya daɗe.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu wa'azin a watsar da magani dare ɗaya. Ƙwaƙwalwa ta riga ta daidaita kanta da shi. Rabin sertraline yana barin jini cikin kusan kwana guda, don haka in kika yanke, kwana biyu ko uku sai jiri, tashin zuciya, rashin barci, da wani abu kamar fisgar lantarki a ka. Sai mai bidiyon ya ce, ai ga shi, ƙwaya ce irin tramadol. Ina! Mai shan sertraline ba ya maye, ba ya kwaɗayin ƙari. Shi kuwa mai bidiyon, ba za ki gan shi ba ranar da ciwon ya dawo.

Ki ci gaba aƙalla wata shida bayan kin warware. Ragewa a hankali ake yi, cikin makonni ko watanni, tare da likitanki. In tunanin kashe kai ya zo miki, ki je asibiti a ranar.