Malam, kada ka sa hannu a madadin kowa

Malam, da na karanta tambayarka cewa an ba ka hedimasta amma tsofaffin malamai sun ƙi ba ka haɗin kai, har kana tunanin ajiye muƙamin, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ni ma na taka wannan ƙayar.

Lokacin da aka ba ni kujerar, akwai malamin da ya koyar da ni a aji huɗu. Da takardar shaidar malanta ta Grade II ya kama aiki tun zamanin UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ni kuwa da NCE, takardar malanta da ke gaba da tasa, na zo. Nauyinsa nake ji. Sai hantsi yake shigowa, wata rana ma ba a ganinsa, ni kuma in ɗauki biro in cike masa littafin sa hannu. Ranar da masu duba makarantu suka faɗo ba sanarwa, ajinsa sai hayaniya, ga sunansa a littafi wai ƙarfe bakwai da rabi ya zo. Aka aika a kira shi. A gaban malamai da baƙi ya dube ni ya ce shi bai taɓa sa ni in rubuta masa ba. Mutumin da na rufa wa asiri shekara biyu! Ni aka ba takardar tuhuma, ni aka jefa wata makaranta mai nisa. Bai zo ya ce mini sannu ba. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Don Allah kada ka ajiye. Ka gaishe su da ladabi, ka nemi shawararsu kafin ka fitar da jadawalin darussa, amma lokaci na cika ka ja layi da jan biro a littafin. Duk abin da ya faru ka shigar da shi littafin tarihin makaranta da kwanan wata, da ni na yi haka da na tsira. Ka jawo SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a jiki, su ne shaidunka.

Af, takardunka ma. Ta kama aiki, ta tabbatarwa, duk na ƙarin girma, ka yi musu kwafi ka adana a gida. Dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko 40 na aiki, amma ka bincika ko jiharku ta fara aiki da ita. Na ga abokin aikina yana yawon neman fayil ɗinsa da furfura, har ya yi hawaye.

Mataimakinka fa, yana tare da kai ko da su? Faɗa mini wannan tukuna.