Daga lauyan kamfani zuwa babban ofishin lauyoyi

Barista, ka tambayi abin da zai fi ba ka wuya in ka bar kujerar lauyan kamfani ka koma babban ofishin lauyoyi. Lissafin lokaci ne. A can awa ake sayarwa, galibi a gutsuren minti 6. Gama aiki, rubuta shi nan take. In ka bari sai Juma'a, rabin wayoyin da ka buga sun shige maka duhu, kuɗinsu ya tafi.

Kafin ka sa hannu, miƙa musu sunayen waɗanda ka taɓa kai ƙara ko yin ciniki da su, kada ka tarar ofishin yana kare abokin shari'ar tsohon kamfaninka. Sirrin tsohon kamfanin yana wuyanka har yanzu. Matakin da za a ajiye ka kuwa, a rubuta maka shi, don ba duk shekarun aikinka za su ƙirga ba.