Wace lamba ce ta zinariya a na'urar gano ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi na'urar gano ƙarfe mai nuna lamba daga 0 zuwa 99, ina fita da ita bayan gari a yankin Agadas. Kullum sai ta yi kuka, in haƙa, in tarar da ƙusa ko murfin kwalba. Don Allah wace lamba ce ta zinariya, in huta da haƙan banza?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, zinariya ba ta da lamba tata ita kaɗai, kuma duk mai shagon da ya ce maka tana da ita, ciniki yake nema. A cikin farantin na'urarka akwai naɗin waya biyu, ɗaya yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ɗayan yana karɓar abin da ya dawo. Lambar da kake gani awo ne na yadda abin da ke binne yake ɗaukar lantarki, haɗe da girmansa da siffarsa. Baƙin ƙarfe yana zama can ƙasa da murya mai kauri kamar gurnani, azurfa da jan ƙarfe su hau sama da siririyar murya. Zinariya kuwa tana tsakiya, unguwa ɗaya da alminiyam da dalma. Zoben zinariya kan ba da lambar kunnen gwangwanin lemo, ƙwayar zinariya mai girman ƙwayar dawa kuma ta yi daidai da guntun takardar alminiyam ta kwalin taba. In ka saita na'urar ta yi shiru a kan waɗannan tarkacen, ka rufe mata baki a kan zinariyar ma. Kuma kada ka ari lambar abokinka: Garrett AT Pro tana ƙirga 0 zuwa 99, Minelab Equinox 800 kuwa daga -9 zuwa 40.

Kunnenka ya fi allon amfani, don haka ka sa abin sauraro a kunne. Idan na'urar ta yi kuka, kada ka yi saurin ɗaukar diga. Ka riƙa wucewa da farantin a kan wurin, dama da hagu, a hankali, dab da ƙasa. Sai ka zagaya, in da gabas kake kallo ka koma kallon arewa, ka sake. Abu mai kyau, dunƙulalle, kamar kwabo ko ƙwayar zinariya, muryarsa ɗaya ce ta kowace fuska, gajera, mai tsabta, lambar ba ta gusawa sai kaɗan. Ƙusa tana tona asirin kanta a nan: ta wannan fuska ta yi kuka mai daɗi, ta waccan ta yi gurnani, ko ta buga sau biyu a jere idan ka bi tsawonta. Murfin kwalba mai tsatsa shi ne babban mayaudari, domin zagayayye ne kamar kuɗi, yakan hau sama. Ka ja farantin baya har bakinsa kawai ke kan wurin, galibi za ka ji muryar ta fashe ta koma ta baƙin ƙarfe.

Girma kuma, ɗaga farantin sama kaɗan-kaɗan kana wucewa. Ƙaramin abu yana ɓacewa da wuri. In ka ɗaga taƙi guda ko fiye muryar na nan daram, to gwangwani ne ko wani babban ƙarfe. Ka sani kuma, abu ya yi zurfi, lambarsa takan yi ta tsalle, har abin kirki ya riƙa nuna kamar baƙin ƙarfe.

Abin da ya fi wahalar da masu neman zinariya shi ne ƙasar kanta. Marmara da baƙin yashi da wasu duwatsu suna ɗauke da ƙarfe, na'ura ta yi ta kuka a kan babu. Ka daidaita ta da ƙasar wurin kafin ka fara, ka sake duk lokacin da launin ƙasa ya canza. In murya ta yi faɗi, ba ta da tsakiya, ka kankare saman ƙasar da ƙafa ko gefen diga kamar yatsa biyu, ka sake gwadawa. In ta ƙara ƙarfi ta tsuke, akwai abu a ƙasa. In ta dushe ko ta bi dutsen da ka ture, ka wuce. Saboda irin wannan ƙasa ne da yawa daga cikin waɗanda suka kwarara neman zinariya a Jado, can arewacin Nijar, daga 2014 suka fi son na'urori irin su GPX 4500 da GPX 5000. Waɗannan ba su nuna lamba ko kaɗan, kusan duk abin da ya yi kuka haƙa shi ake yi, ana manna mayen ƙarfe a jikin diga ya tsince ƙusoshi.

Ina roƙonka ka ware yini guda a tsakar gida. Binne ƙusa, murfin kwalba, tsohon kwabo mai huji, guntun dalma da ɗan kunnen zinariya a cikin leda, kowanne a nasa rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15, da tazarar taku biyu. Ka bi su har ka iya bambance su ido rufe.

Abu ɗaya kada ka gwada. A arewacin Nijar da arewacin Cadi akwai wuraren da aka yi yaƙi, nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba suna nan binne. Babbar murya ta ƙarfe kusa da tsohuwar hanyar mota ko tsohon sansanin soja, kada diga ta taɓa wurin. Ka sa alama daga nesa, ka koma ta kan sawunka, ka sanar da jami'an tsaro.