Amsa kan maganar tsohon soja da kujerar alƙali

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanena na saurari saƙonka, inda kake cewa wai wanda ya taɓa riƙe bindiga a fagen yaƙi ba zai iya zama alƙali mai adalci ba, don ƙarfi kawai ya sani. To ni gaskiya ban yarda ba, kuma bari in ba ka labarin wani mutumin Amurka, Walter Gresham, ka auna da kanka.

An haife shi a 1832 a jihar Indiyana, yana ɗan shekara biyu aka kashe babansa, shi baban jami'in tsaro ne, ya je kama wani mai laifi aka daɓa masa wuƙa. Haka yaron ya tashi maraya, ya yi karatun shari'a ya fara aikin lauya a 1854 a garin Corydon. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke ya ajiye takardu ya shiga soja ɓangaren Arewa, ya yi kanal, aka yi wa garin Vicksburg ƙawanya da shi, a 1863 ya zama birgediya janar. A watan Yulin 1864 kusa da Atlanta harsashi ya same shi a ƙafa wajen gwiwa, ya sha doguwar jinya, kuma har ya koma ga Allah ɗingishi yake yi. Ka ga ke nan ba labarin yaƙi ya ji ba, a jikinsa ya gani.

To a 1869 shugaba Grant ya naɗa shi alƙalin kotun tarayya a Indiyana. Ya ɗan riƙe ministan gidan waya a 1883, ya taɓa ma'aikatar kuɗi na ɗan lokaci, sai ya sake komawa kotu a 1884, wannan karon babba ce da ke zama a Chicago. A nan ne aka kawo masa rigimar kamfanin jirgin ƙasa na Wabash a 1886, kamfanin ya durƙushe amma an ɗora mutanen Jay Gould su kula da dukiyar, shi kuwa Gould attajiri ne da ko manyan gwamnati ke shakkarsa, Gresham ya duba ya ga ana cutar masu bin bashi, kawai ya tsige su ya sa wani. Bai ji tsoron kuɗi ba wallahi.

Amma abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne maganar tsibiran Hawaii. A Janairun 1893 wasu Turawa 'yan kasuwa da masu harkar rake suka hamɓarar da sarauniya Liliuokalani, kuma jakadan Amurka a can John Stevens ya sauko da sojojin ruwa daga jirgin yaƙi suka tsaya a gari, nan da nan aka rubuta yarjejeniyar haɗe tsibiran da Amurka. Ana cikin haka shugaba Cleveland, ɗan jam'iyyar Dimokurat, ya hau mulki a watan Maris ya ɗauko Gresham ya ba shi ministan harkokin waje, alhali da shi ɗan Rifablikan ne, har ya nemi tikitin shugaban ƙasa a 1888, harajin kayan shigowa ne ya raba shi da jam'iyyarsa. Aka janye yarjejeniyar daga majalisar dattawa, aka tura wani wakili, Blount, ya je Hawaii ya bincika, shi Gresham ya rubuta wa shugaba ƙarara cewa da ƙarfin Amurka aka yi wannan ƙwacen don haka a mayar wa matar nan da sarautarta. Janar fa, wanda ƙasarsa ce za ta samu tsibirai a ɓagas! Jaridu suka yi masa ca, tsofaffin abokansa na siyasa suka juya masa baya.

Kuma bai yi nasara ba, wannan ma dole in faɗa maka. Sanford Dole, shugaban waɗanda suka ƙwace mulkin, da mutanensa suka ƙi sauka, gwamnati kuma ba ta shirya tura soja ba, magana ta koma majalisa ta mutu a can. Gresham ya rasu a kan kujerarsa a watan Mayun 1895, a 1898 aka haɗe Hawaii ɗin.

Saboda haka ƙanena ka sake duba maganar nan taka, in kana da hujja ka turo ina saurare, yanzu dai an kira magariba zan tashi.