Ina Biyan Kuɗin Megabit 100, Amma da Dare Intanet ɗin Gida Sai Rarrafe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan da aka jawo mana intanet na faiba a gida, tsarin megabit 100. Da safe ba laifi, amma daga ƙarfe takwas na dare sai bidiyo ya riƙa tsayawa, kiran bidiyo da 'yata da ke karatu a nesa kuma ya yi ta yankewa. Duk lokacin da na kira kamfanin sai su ce in kashe rauta, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi, in kunna. Yanzu sun ce in koma tsarin megabit 200. In ƙara kuɗin ne, ko in sauya kamfani?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki ƙara ko sisi tukuna, kada kuma ki yi gaggawar sauya kamfani. Ki fara gano inda matsalar take, domin intanet ɗin gida gida biyu ne: akwai layin kamfani da ya zo har jikin bangonki, akwai kuma Wi-Fi da ke yawo a ɗakunanki. Na farko haƙƙin kamfani ne, na biyu kuwa yawanci a hannunki yake. Duk wanda ya cakuɗa su, zai yi ta biyan kuɗin maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba.

Gwajin da zai raba gardama ba wuya. Ki samo kwamfuta, ki haɗa ta da rauta kai tsaye da kebul, ki sa kowa a gidan ya sauka daga Wi-Fi na ɗan lokaci, sannan ki buɗe shafin auna saurin intanet, Speedtest ko fast.com. Ki gwada da safe, ki sake da rana, ki kuma gwada tsakanin takwas da sha ɗaya na dare. Ki yi haka mako guda, kina ɗaukar hoton kowane sakamako da kwanan wata. Lambobi uku za ki duba: saurin saukewa, saurin ɗorawa, da jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, wanda ake aunawa da milisakan.

A nan bari in ɗan tsaya kan wani ruɗani da ke jawo husuma tsakanin masu gida da kamfanoni. Kamfani yana sayar da sauri ne da megabit, ita kuwa kwamfuta idan tana sauke fayil tana nuna megabayit, kuma bayit ɗaya bit takwas ne. Saboda haka layin megabit 100 ba zai wuce megabayit 12.5 a sakan ba. In kin ga 11 ko 12, ba a cuce ki ba.

To, idan gwajin kebul ya nuna kusan megabit 90 safe da dare, layin kamfanin lafiyarsa ƙalau, kuma ba a can gizo ke saƙar ba. Sai mu juyo cikin gida. Na taɓa shiga wani gida da suka shafe watanni suna zagin kamfaninsu. Na tarar da rautar a ƙasa, cikin durowar da aka ɗora talabijin, an rufe ta da murfi, ga madubi babba a bayanta. Muka ciro ta muka ɗora a kan wani kanti a tsakiyar falo. Wayar yaron gidan da ke ba da megabit 7 a ɗakinsa ta haura 60 nan take. Bangon siminti, ƙarfe, madubi da tankin ruwa duk suna cinye siginar Wi-Fi.

Akwai kuma batun zango. Yawancin rautoci suna watsa sigina a zango biyu, 2.4 da 5 gigahaz. Na 2.4 yana ratsa bango ya kai nesa, sai dai cunkushe yake: tashoshi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1, 6 da 11, kuma a nan Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef suke aiki. Da dare, lokacin da kowane maƙwabci ya kunna nasa, sai wurin ya zama kasuwa. Na 5 ya fi sauri da sarari amma ba ya nisa. Ki sa wayar da kike kira da ita a kan na 5, ki zauna kusa da rauta, ki ga bambanci. Ki duba har da kebul ɗin da ramin da aka soka shi, domin tsofaffin rautoci da yawa raminsu ba ya wuce megabit 100. A irin wannan gida ko tsarin 500 aka saya, 100 ɗin dai za a gani.

Idan kuwa da kebul kin samu 90 da safe amma 15 da dare, kuma hakan yana maimaituwa, to ruwa ba ya tsami banza. Layin faiba na gidaje ba naki ba ne ke kaɗai. A fasahar GPON da aka fi amfani da ita, zare ɗaya mai ɗaukar kimanin gigabit 2.5 ake rarraba wa gidaje 32 ko 64, daga can kuma duk unguwa ta haɗu a babban layin kamfanin. Rabon ba laifi ba ne, da shi farashi ke sauƙi. Laifin shi ne kamfani ya yi ta ɗibar sababbin gidaje bai faɗaɗa babban layin ba. Shi ya sa ake rubuta "har zuwa megabit 100" a talla. Abin da ya fi ɓata mini rai a tambayarki shi ne shawarar komawa 200. In cunkoson a hanyarsu yake, ƙarin kuɗinki ba zai buɗe ta ba. Kuma gidan da ake kallon bidiyo biyu ko uku ba ya buƙatar 200: Netflix da kansu megabit 5 suke nema don hoto mai kyau, 15 don hoto mai tsananin kyau da ake kira 4K.

Kiran bidiyo kuma nasa ciwon daban ne. Ba ya cin megabit da yawa, abin da yake so shi ne saurin ɗorawa da ƙarancin jinkiri. Waya ɗaya da ke tura hotunan yini zuwa Google Photos ko iCloud da dare tana iya cika hanyar ɗorawa, sai muryarki ta tsaya a layi tana jira. Ki duba lambar jinkiri: ƙasa da milisakan 50 ya yi kyau, in tana tsalle zuwa 200 ko 300 da dare, ga abin da ke yanke hirarki da 'yarki nan.

Kashewa da kunna rauta ba ƙarya ba ce, tana warware ƙananan matsaloli, amma amsar ma'aikacin matakin farko ce. Idan kin tara hotunanki, ki aika ƙorafi a rubuce, ki faɗa musu da kebul kika gwada, ki karɓi lambar ƙorafi, ki nemi a miƙa ki ga injiniyoyi. Ki roƙi su auna ƙarfin hasken da ke isowa akwatin faibarki, domin zaren da ya lanƙwashe ko mahaɗar da ta yi datti suna rage shi. In fitilar da aka rubuta LOS ta yi ja, hasken ya yanke ke nan, aikinsu ne su zo. Ki karanta yarjejeniyarki ki ga ko akwai mafi ƙarancin saurin da suka yi alkawari, da sharaɗin rage sauri bayan an sha wani adadin data. In suka ƙi motsi, hukumar da ke kula da sadarwa tana karɓar ƙorafi, kuma lambar ƙorafin nan za ta fara tambaya.

Idan abin ya kai ga sauyawa, kada ki yi gudun gara ki faɗa gidan zago. Ki shiga gida biyu ko uku a layinku masu amfani da ɗaya kamfanin, ki roƙi su yi gwajin a gabanki da ƙarfe tara na dare, ki kuma tambaye su kwana nawa aka ɗauka kafin a zo gyara ranar da layinsu ya yanke. Ki fara da biyan wata ɗaya, kada ki yanke tsohon layin sai sabon ya yi mako biyu yana aiki.