Wane wata ya kamata a je Paris? Amsoshin tambayoyinku

Wata mai karatu daga Kano ta ce: "Ni da maigida da yaranmu biyu muna son zuwa Paris na mako guda, kuma wannan ne karonmu na farko. An ce mana Agusta ya fi, tunda makaranta na hutu. Gaskiya ne?"

Hajiya, Agusta ya dace da hutun yaranki, amma bai dace da birnin ba. Da za ki samu hali, mun fi so ku tafi daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ko kuma a watan Satumba. A waɗannan lokuta zafin rana yana tsayawa wajen digiri 20 zuwa 24, itatuwa da ganye, kuma mutum zai yini yana tafiya a ƙafa bai galabaita ba. Paris kuwa gari ne na tafiyar ƙafa. Ko da jirgin ƙarƙashin ƙasa za ku hau, akwai hawa da saukar matakala da yawa, kuma yawancin tashoshin ba su da lif.

Matsalar Agusta guda biyu ce. Ta farko, Faransawa da kansu a watan suke tafiya hutu. Za ki zo ƙofar gidan burodi ko ƙaramin gidan abinci na unguwa ki tarar da takarda manne a gilashi, an rubuta ranar da za a dawo, sau da yawa bayan mako uku. Manyan wuraren kallo a buɗe suke, sai dai cike da baƙi daga ko'ina, layi kamar na gidan mai lokacin wahala. Ta biyu ita ce zafi. Kada ki ce ai mu 'yan Kano ne, mun san zafi. Namu gidajen da fanka da inuwa aka gina su, nasu kuwa don riƙe ɗumi aka yi su, kuma ƙananan otal da yawa ba su da na'urar sanyaya ɗaki. A ranar 25 ga Yuli 2019 zafi a Paris ya kai digiri 42.6. Ba kowace shekara ake haka ba, amma ɗakin da ke hawan ƙarshe ƙarƙashin rufin kwano, idan zafi ya zo, yaro ba zai yi barci a cikinsa ba. Idan dole sai Yuli ko Agusta, ki tabbata an rubuta cewa ɗakin na da na'urar sanyi kafin ki biya, kuma ki zaɓi makon ƙarshe na Agusta, lokacin da shaguna suka fara buɗewa saboda komawa makaranta a farkon Satumba.

Akwai abin da mutanenmu ba sa lissafawa, wato tsawon yini. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, isha'i kuma sai bayan sha ɗaya. Wannan alheri ne ga mai yawo, amma ga mai ƙananan yara ɗawainiya ce. Fitilun hasumiyar Eiffel da ke walƙiya na minti biyar a kan kowace awa ba sa farawa sai duhu ya yi, to a Yuni kafin su kunna yaro ya riga ya ɓingire a kafaɗar babansa. A ƙarshen Satumba kuwa magariba na yi kafin ƙarfe takwas, ku kalli walƙiyar ku koma masauki da wuri.

Idan hutun makaranta ne ya ɗaure ku, ki duba na watan Afrilu. Da rana wajen digiri 16 ake samu, da safe da sanyi, ruwa kuma yakan yi yayyafi ya ɗauke. Rigar sanyi mai kauri ɗaya ga kowa da lema sun isa. Ko wane wata kuka zaɓa, ki tsara kwanakin da kyau: gidan tarihi na Louvre a rufe yake ranar Talata, fadar Versailles da gidan tarihi na Orsay kuma ranar Litinin. Ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata ne, wurare da yawa ba sa buɗewa, har da Louvre ɗin. Tikitin Eiffel da na Louvre a intanet ake saye da ranarsa da awarsa, kuma a yi shi tun ana saura makonni.

Wani ɗan kasuwa daga Zinder ya ce: "Ni ba kallo zai kai ni ba. Takalma, jakunkuna da turare nake so. Yaushe farashi ke sauka?"

Alhaji, naka lissafin mai sauƙi ne, domin a Faransa doka ce ta tsayar da lokacin babban rangwame, wanda suke kira soldes. Sau biyu ake yi a shekara, mako huɗu kowane karo. Na sanyi yawanci yana farawa ranar Laraba ta biyu ga Janairu, na zafi kuma a Larabar ƙarshen Yuni. Mu na Janairu muka fi so maka, saboda bayan an watse daga bikin sabuwar shekara kuɗin otal da na jirgi suna sauka, ga gari babu cunkoso.

A kwanakin farko kaya sun fi yawa amma ragin kaɗan ne. Yayin da makonni ke tafiya ana ƙara ragewa, sai dai lambobin takalmi da kowa ke nema sun ƙare. Mai sayen da yawa don sayarwa, mako na biyu ne daidai gare shi. Manyan kantunan Galeries Lafayette da Printemps suna jere a titin Haussmann, ka gama da ɗaya ka shiga ɗaya. Amma kada ka sa rai ga kowane suna: Louis Vuitton, alal misali, ba ya shiga rangwame. Kuma ka gwada kaya tun a shago, domin ba dole ba ne su karɓi abin da aka saya a rangwame don kawai bai yi maka daidai ba.

Sai batun mayar da haraji, wanda da yawa ke barin kuɗinsu a kansa. Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba, idan ya sayi kayan da suka haura yuro 100 a shago ɗaya, yana da damar a mayar masa da wani ɓangare na harajin, galibi wajen kashi 12 cikin ɗari na farashin. Ka nuna fasfo a shagon su ba ka takardar. A filin jirgi ka kai ta ga na'urar da ake kira PABLO ta karanta, kuma ka yi haka kafin ka miƙa akwatunanka, saboda jami'an kwastan na iya cewa sai sun ga kayan. Wanda ya riga ya auna kaya ya tura, idan aka nema bai nuna ba, ya yi asara. Turare kuma duk kwalbar da ta wuce mililita 100 a babban akwati za ta shiga.

Wani matashi daga Kaduna ya ce: "Na ga tikitin Disamba da araha. Sanyin ya fi na hunturunmu ne?"

Malam, ba iri ɗaya ba ne. Hunturunmu busasshe ne, kuma kafin hantsi rana ta fito ta gasa kowa. Na Paris mai laima ne, sama a rufe kwana da kwanaki, da rana digiri 7 ko 8, da dare wajen 3, wani lokaci ƙasa da sifili. Rana na fitowa bayan takwas da rabi, ta faɗi kafin biyar. Azahar, la'asar da magariba duk suna shigowa cikin awa huɗu da 'yan mintoci, don haka wanda ya shiga gidan tarihi bayan azahar yana iya fitowa ya tarar duhu ya yi. Ka sa Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, cikin tsarin yininka, ba shi da nisa da tsakiyar gari.

Arahar da ka gani ta farkon wata ce. Daga wajen 20 ga Disamba zuwa bayan sabuwar shekara farashi na tashi sosai. Farkon Disamba yana da kyawunsa, an ƙawata tituna da fitilu, amma sai da shiri: riga mai ɗumi ta ciki, suwaita, babbar riga mai hana ruwa, safar hannu, hular sanyi, da takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa. Ta ƙafa da kunne sanyin ke shiga. Abu ɗaya da zai yi maka daɗi, daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris agogon Paris daidai yake da na Najeriya da Nijar. Sauran watannin suna gabanmu da awa ɗaya.

Mutane da dama sun tambaya: "Yaushe za mu nemi biza?"

Daga ranar tafiya ake ƙirgowa baya. Bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Faransa, ana iya neman ta tun ana saura wata shida, kuɗinta yuro 90 ga babba, ban da na ofishin karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. A ƙa'ida kwana 15 ake yi ana duba takardu, amma yana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawa shi ne ke cin lokaci, musamman gabanin watannin zafi. Mai son Mayu ya fara tun Janairu, mai son rangwamen Janairu ya fara a Satumba ko Oktoba. Kada a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, otal ma a kama wanda ake iya sokewa kyauta.