Firintar buga riguna ta toshe? Dakata tukuna kafin ka ɗauko sirinji

Duk shekara haka ake yi. Da zarar hunturu ya sauko, leɓe ya fara tsagewa, sai saƙonnin masu buga hoto a riga da kofi su cika mini waya, kuma kukan nasu guda ne: firinta tana barin fararen layuka, ko wata kala ta ɓace. Ga kaɗan daga cikin waɗanda suka zo daga jihar Kebbi a 'yan makonnin nan.

Tambaya daga Birnin Kebbi: Malam, ina da Epson L805 da na zuba wa tawadar sablimeshan (wadda ake bugawa a takarda sannan a manna hoton da zafi), ina buga kofuna da riguna na biki. Na yi tafiyar kwana 12, da na dawo sai ja ya riƙa fita da fararen layuka. Na yi mata wankin kai har sau 9 a jere, abin sai ƙara lalacewa yake, yanzu har shuɗi ya shiga ciki. Ga aikin biki ranar Asabar. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da ɗauke hannunka daga kanta. Kwana 12 ɗin nan su suka busar da ja, amma shuɗi kai ka jawo shi cikin rigimar da wankin nan sau 9.

Bari in faɗa maka abin da ke faruwa a ciki. Kan L805, wato sashen da ke kai da komo yana feso tawada a takarda, yana da kala 6, kowace kala tana da 'yan ƙofofi 90 da take feso tawada ta cikinsu, kowace ƙofa ta fi silin gashi siranta. Idan ka danna wankin kai, ba wani ruwan wanki ne ke zuwa ba. Wani ɗan famfo ne a ƙasa ke zuƙo tawada da ƙarfi ta waɗannan ƙofofi, ya zubar da ita cikin soson da ke gindin firintar. Sau ɗaya, sau biyu, abin yana amfani. Idan ka jera su babu hutu, famfon yana zuƙa fiye da yadda tiyo zai iya kawowa daga tanki, sai kumfa da iska su shiga kan. Ƙofar da iska ta tsaya a bakinta ba ta fesawa, ko da babu ko ɗigon datti a cikinta. Shi ya sa littattafan da Epson ke haɗowa da firintocinta masu tanki suka ce idan an yi wanki sau 3 babu sauyi, a bar ta aƙalla awa 12 ba a buga komai ba. Mutanenmu ba sa son jin wannan magana, domin mai aiki yana tsaye a bakin shago. Amma hutun nan shi ne rabin maganin.

Gobe da safe kada ka fara da wanki. Shiga saitin firintar a kwamfuta, wajen da aka rubuta Maintenance, ka buga Nozzle Check, wato gwajin da ke fito da layukan kowace kala, a farar takarda. Rubuta 1 a jikinta, ka ajiye. Yi wanki sau ɗaya, ka sake bugawa, ka rubuta 2. Jera su ka duba da kyau. Idan giɓin yana wuri guda bai motsa ba, busasshiyar tawada ce ta toshe ƙofar. Idan kuwa giɓin ya yi ƙaura, ɗazu yana sama yanzu yana tsakiya, to iska ce, kuma ƙarin wanki ba abin da zai yi sai ƙara ta. Idan layukan duk sun fito amma wasu sun karkace, datti ne a fuskar kan. Idan kala guda ta ɓace ɗungurungum a lokaci ɗaya, duba hanyar da tawadar ke bi: tankin bai ƙafe ba? Ɗan makullin da ke gefen tankunan wasu firintocin irin L1800, wanda ake rufewa idan za a yi tafiya da firinta, a buɗe yake? Na taɓa ganin wanda ya ɗauko firinta a bayan babur ya kawo gyara, ashe makullin nan ne kawai ya manta bai buɗe ba.

Ga shuɗinka, wanda nake kyautata zaton iska ce, ka cika shafi guda da shuɗi zalla, ka buga a takarda ta yau da kullum a kan saiti mafi inganci, shafi 2 ko 3. Bugu yana jan tawada a hankali, ba kamar famfo ba, sau da yawa haka iskar ke fita.

Ja kuwa, idan ya kafe a wuri guda, sai jiƙo. Kunna firintar, da zarar kan ya baro mazauninsa ya nufi tsakiya, ka zare filogi don ka iya tura shi da hannu. Ninke kyalle marar zare ko takardar goge hannu mai kauri, ka jiƙa ta da ruwan wankin kan firinta, ka shimfiɗa a hanyar da kan ke bi, ka turo shi a hankali ya hau kanta. Takardar bayan gida ba ta yi, marmashewa take ta ƙara maka aiki. Bar shi kamar awa 2 zuwa 3, amma ka riƙa leƙawa, domin a wannan yanayi kyallen yana bushewa da wuri, kuma idan ya bushe a ƙarƙashin kan, shi zai koma tsotse masa danshi. Daga nan ka cire, ka mayar da kan mazauninsa, wanki sau ɗaya, gwaji. In Allah ya yarda za ka kama Asabar.

Tambaya daga Jega: Wani mai gyara ya ce in kawo ya ɗura mata fetur ko tina (ruwan tsinka fenti) da sirinji, wai nan take za ta buɗe. In ba shi?

Amsa: Kada ka ba shi. Fetur da tina suna cin roba da gam ɗin da ke riƙe da sassan kan, tawadar nan kuma ta ruwa ce, ba su ne ke narkar da ita ba. Ruwan rijiya da fiya wata ma ka bar su, suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin ƙofofin. Idan ruwan wankin firinta bai samu ba, je kemis ka sayi ruwan haɗa allura, shi tatacce ne. Ka guji na masu batir sai ka tabbatar, domin a shago guda ake sayar da shi da mai asid.

Sirinji kansa yana aiki, amma shi ne matakin ƙarshe, kuma ba a hannun kowa ba. Tsakanin kala da kala a cikin kan akwai shamaki mai rauni ƙwarai. Ka danna da ƙarfi ya fashe, daga nan rawaya ta fara fitowa kore-kore, kuma wannan ba ya gyaruwa sai sabon kai. Ni da kaina na yi wannan ɓarna farkon shigata harkar: ruwa ya gangara ya taɓa faffaɗar wayar da ke shiga kan, ban jira ta bushe ba na kunna, fis ɗin da ke jikin bod, wato allon wutar firintar, ya ƙone. Firinta tana kai da komo kamar tana aiki, takarda tana fita fara fes. Garin neman gira na rasa ido. Kan firinta na cikin sassanta mafi tsada, don haka wanda zai taɓa maka shi, tambaye shi ya nuna maka gwajin da ya buga tukuna. In bai buga gwaji ba ya ɗauko sirinji, ɗauki kayanka.

Tambaya daga Argungu: Malam, tawa kullum da safe sai ta toshe. In na yi wanki sau ɗaya ta buɗe, ta yi aiki lafiya har dare, gobe kuma a koma gidan jiya. Tawada tana ƙarewa a banza.

Amsa: Hajiya, kan firintarki lafiyarsa ƙalau, makwancinsa ne ke da matsala. A ɓangaren dama, inda kan ke komawa ya tsaya, akwai ɗan murfi mai bakin roba da soso a ciki. Aikinsa ya rufe fuskar kan ruf don kada iska ta shiga. Tambayata gare ki: da dare ta ina kike kashe ta? Idan ta soket ne, ko kuwa kina barin ta har a ɗauke wuta ko a kashe janareta tana tsakiyar aiki, kan ba ya samun damar komawa ya zauna a murfinsa, sai ya kwana a buɗe. Ki riƙa kashewa ta maɓallinta, ki jira fitilar ta daina ƙiftawa. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ma ya isa ya ba ta 'yan mintocin da za ta kammala.

Idan kina yin haka kuma bai daina ba, ki duba bakin robar da fitilar waya. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da tawada ta zama kamar kwalta, ta hana murfin kamawa. Ki goge shi da auduga mai tsinke da kika jiƙa, haka ma ɗan falankin robar da ke kusa da shi mai share fuskar kan.

Sai kuma yanayinmu. Epson ta gina waɗannan firintoci don zafin digiri 10 zuwa 35, da danshin iska kashi 20 zuwa 80 cikin 100. A nan kuwa, da hunturu danshi yana faɗuwa ƙasa da kashi 20, a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Kada fanka ta riƙa busa ta kai tsaye, kada ki ajiye ta kusa da injin manna hoto, ki lulluɓe ta in an tashi, ki ajiye kwanon ruwa a ɗakin. Ko babu aiki, ki buga ɗan hoto mai duk kaloli kowace rana ko bayan kwana 2. Tawadar da zai ci ba ta kai ta wanki ɗaya ba.

Tambaya daga Yauri: Na sayi L1800 da aka juya ta koma DTF (buga hoto a fim sannan a manna shi a riga). Farar tawada ce kullum ke ba ni wahala.

Amsa: Haka halinta yake, ɗan'uwa. Abin da ke ba ta fari wani gari ne mai nauyi, titaniyam dayokzayid, kuma yana kwantawa kamar yadda kamu ke kwanciya a gindin bokiti ruwa ya taso sama. Yana kwantawa a tanki, a tiyo, a cikin kan. Dole a girgiza tankin kowace safiya, a yi gwaji kafin aiki, kuma kada ta kwana biyu ba ta buga fari ba. In taka tana da ɗan injin da ke juya farar tawada, kada ka kashe shi don tsimin wuta. L1800 don hotuna aka ƙera ta, ba don wannan tawada ba, dabara ce kawai aka yi mata. A ganina, wanda ba ya da aikin DTF kusan kullum, gara ya riƙa sayen bugaggen fim wurin masu babban inji ya zo ya manna da kansa. Jiran lokacin kamfen ko sallah da firinta a kwance, kuɗin sabon kan firinta ne kake tara wa kanka.

Tambaya daga Aliero: Ni ɗalibi ne, ina son in riƙa buga rigunan masu kammala karatu. Ina da tsohuwar Canon, zan iya zuba mata tawadar sablimeshan? Kuma na ga abokina ya buga da Epson, hoton ya fito dishi-dishi, ko toshewa ce?

Amsa: Ƙanena, bar Canon ɗinka ta ci gaba da buga takardu. Ita da irin HP na gida suna dafa tawada ne a cikin kan don ta feso, alhali tawadar sablimeshan zafi ne ke tayar da ita. Epson tana tunkuɗo tawada da motsin wani ɗan sinadari da ke lanƙwasawa idan wuta ta ratsa shi, babu zafi, shi ya sa ake amfani da ita. In za ka sayi Epson, ko L3210 ce, ka zuba mata sablimeshan tun tana sabuwa. Ɗora wata tawada a kan wata yana iya sa su guda-guda a cikin tiyo. Ka kuma sani cewa tawadar da ba ta Epson ba tana iya raba ka da garanti.

Na abokinka ba toshewa ba ce muddin gwajinsa ya fito cikakke. Sablimeshan haka yake a takarda, sai ya sha zafi kusan digiri 200 na kamar minti ɗaya kalar ke tashi. Kuma foliyesta mai haske yake kamawa. A rigar auduga zalla, wanki kaɗan zai tafi da shi.

Tambaya daga Zuru: Bayan na yi ta wanki, sai fitilu biyu suka fara ƙiftawa, ta ƙi buga komai. An ce a yi mata riset.

Amsa: Duk tawadar da ka wanke, soson gindin firintar ta tafi, kuma firintar tana ƙirgawa. Yanzu lissafinta ya ce soson ya cika. Babban wankin nan da ake kira Power Cleaning ya fi kowanne cika shi, ga shan tawada, har sai tankuna sun kai kashi ɗaya cikin uku ake yin sa. Riset yana mayar da lissafi sifili ne kawai, bai taɓa soson ba. Ka sa a canja shi, ko a jawo tiyon zuwa gora a waje, sannan a yi riset. Sababbi irin L8050 da L18050 suna da akwatin da ake zarewa a sa wani. In aka yi riset kaɗai, wata rana za ka tarar da baƙin ruwa ya malalo kan tebur, don haka kafin a canja soson kada ka ajiye fararen rigunan mutane kusa da ita.